Masar ko Maroko: ina ya fi dacewa ka kai iyalinka hutu?

Idan Bahaushe ya tara ɗan abin hannunsa yana so ya fita hutu wata ƙasar Larabawa, ba Umara ba kuma ba sarin kaya ba, sunaye biyu ne suka fi zuwa bakinsa: Masar da Maroko. Da yawa suna ɗaukarsu abu ɗaya, tunda duk Larabci ake yi, duk ana kiran salla, duk akwai tsofaffin kasuwanni. Amma tsakanin Alkahira da Kasablanka akwai tafiyar sa'a biyar ko fiye a jirgin sama, kuma yadda rana take wuce wa baƙo a can daban, a nan daban. Ra'ayina tun daga farko shi ne: wanda zai tashi daga Kano ko maƙwabtanta da iyali, kuɗinsa a ƙirge, kuma wannan ce fitarsa ta farko, Masar ta fi masa sauƙin shiga da sauƙin aljihu. Wanda zuciyarsa take kan ziyara, ko yake son tafiya mai natsuwa, ko kuma ɗan Nijar ne, Maroko ta fi masa. Ga dalilaina.

Mai fasfon Nijeriya yana buƙatar biza a ƙasashen biyu, kuma dukansu suna da ofishin jakadanci a Abuja. Bizar Masar takan ɗauki lokaci saboda binciken tsaro, don haka kada ka yanki tikitin da ba a canja masa rana kafin biza ta fito. Maroko ta buɗe neman biza ta intanet tun 2022, amma ga ɗan Nijeriya wannan ƙofar ta mai riƙe da bizar Turai, Amurka ko Ingila ce wadda ba ta ƙare ba; sauran jama'a sai ofishin jakadanci. Ɗan Nijar kuwa a ƙa'ida yana shiga Maroko ba tare da biza ba har kwana 90, wanda ba ƙaramin rangwame ba ne. Dokokin shiga ƙasa suna sauyawa, saboda haka a tambayi ofishin jakadancin da kansa a watan tafiyar, kada a tsaya ga maganar dillalin biza kaɗai. Katin rigakafin zazzaɓin shawara dole ne ga mai shiga Masar daga Nijeriya ko Nijar, kuma gara ya kasance cikin fasfo ko ina za ka. A filin jirgin duka biyun ana iya tambayarka tikitin dawowa da shaidar masauki. Ka buga su a takarda. Waya takan mutu a lokacin da aka fi buƙatarta.

A batun jirgi, mutumin Arewa ya fi kusa da Masar. EgyptAir yana tashi daga Kano da Abuja da Legas kai tsaye zuwa Alkahira, sa'a huɗu da ɗan wani abu daga Kano. Royal Air Maroc kuwa daga Legas da Abuja da Yamai yake ɗauka zuwa Kasablanka, ke nan Bakano ko Basakkwace sai ya ƙara kuɗin zuwa Abuja, wataƙila har da kwana ɗaya a otal. Ga mai tafiya shi kaɗai wannan ba komai ba ne. Ga mai mata da yara huɗu, kuɗi ne na gaske.

Kuɗi shi ne inda bambancin ya fi fitowa fili. A watan Maris na 2024 Masar ta saki kuɗinta, fam ɗin Masar ya faɗo daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan dalar Amurka ɗaya. Wannan ya gasa wa talakan Masar aya a hannu, amma baƙo mai dala yana ganin araha a abinci, tasi da masauki. Dirhamin Maroko kuwa ya daɗe yana yawo kusa da 10 a kan dala, bai cika motsi ba, kuma abubuwa a can sun fi tsada, musamman a Marrakesh inda Turawa suka cika gari. Kuɗin da za ka ciyar da mutum biyar da shi a gidan koshari (abincin shinkafa da taliya) a Alkahira, a tsakiyar Marrakesh da ƙyar ya ishi mutum biyu. Sai dai arahar Masar tana da wutsiya. Wuraren tarihi suna da farashi biyu, na ɗan ƙasa da na baƙo, kuma na baƙo ya ninka sau da yawa. Haka jirgin ƙasa: baƙo yana biyan fiye da ɗan gida. Sannan ga tukwici, wanda a Masar ya zama kamar haraji: mai buɗe ƙofa, mai gadin takalma a masallaci, mai miƙo takarda a banɗaki, kowa yana jiran ɗan wani abu. Ba yawan kuɗin ne ke damun mutum ba, yawan miƙa hannun ne. Ka tanadi ƙananan takardun kuɗi tun daga ranar farko, ka ware su a aljihu daban.

Wani abin da ke kama mutanenmu ba shiri: tun 2023 manyan wuraren tarihi na Masar, irin su dalolin Giza da manyan gidajen tarihi, sun koma karɓar kuɗin tikiti da katin banki. Mu kuwa mun saba da tsabar kuɗi. Kada ka dogara da katin naira shi kaɗai. Ka nemi katin dala kafin ka tashi, ka kuma gwada shi. A Maroko akasin haka ne, tsabar kuɗi ce ke aiki a kasuwa da tasi da ƙananan masaukai. Dirhami ba a cika samunsa a wajen ƙasar ba kuma ba a fita da mai yawa, don haka canji a can ake yi, abin da ya rage kuma a mayar da shi kafin a hau jirgi. A duk ƙasashen biyu a yi canji a banki ko shagon canji mai lasisi. Ba irin Wapa ba ce. A Masar musamman, canjin bayan fage laifi ne da ake kama mutum a kansa. Wanda ya shiga Masar da abin da ya haura dala 10,000 sai ya bayyana wa kwastan.

Zirga-zirga ita ce inda Maroko ta yi wa Masar fintinkau. Tashar jirgin ƙasa tana cikin filin jirgin saman Kasablanka, ka sauko da jakarka ka shiga, ka canja a tashar Casa Voyageurs. Daga nan Marrakesh kimanin sa'a uku ce, Fas kuma ƙasa da huɗu, a kan kujera mai lamba, cikin tsabta. Jirgin Al Boraq mai gudun kilomita 320 a sa'a, wanda aka buɗe a 2018, yana haɗa Kasablanka da Tanja cikin sa'a biyu da minti goma. Inda layin dogo bai kai ba, motocin CTM da Supratours suna zuwa a kan lokaci. Cikin gari kuwa akwai ƙaramar tasi mai mita, ja a Kasablanka da Fas, shuɗiya a Rabat. A nan mai iyali ya lura: ƙaramar tasi ba ta ɗaukar fiye da fasinja uku, doka ce, kuma direba ba zai karya ta don ka roƙe shi ba. Idan ku shida ne, ko dai ku rabu mota biyu ko ku ɗauki shatar babbar tasi. A Marrakesh direbobi da yawa ba sa son kunna mita ga baƙo. A yi ciniki kafin a shiga, ko a jira wata.

Alkahira kuwa gari ne na mutum sama da miliyan 20, kuma cunkoson motocinta ba ya jin rarrashi. Tafiyar da taswira ta ce minti ashirin ce tana iya cin sa'a da rabi da yamma. Tsallaka titi kansa sai an koya. Abin da ya fi shi ne ka tsaya gefen ɗan gari, ya taka ka taka. Amma garin yana da abu biyu da ke ceton baƙo. Na farko Uber da ire-irensa suna aiki sosai kuma da araha, farashi yana kan waya, babu gardama da direba. Lambar mota da lambobin Larabci ake rubuta ta, don haka wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya huta, wanda bai iya ba ya koye su kafin tafiya, guda goma ne kacal. Na biyu jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, na farko a Afirka. Yana da layi uku, kuɗinsa kaɗan, kuma a tsakiyarsa akwai taragon mata zalla, abin da uwargida da 'yan mata za su ji daɗinsa ƙwarai. Fita daga Alkahira ce take da nisa: Iskandariyya sa'a biyu da rabi zuwa uku a jirgin ƙasa, Luksor kuwa ya haura kilomita 600, sai dai a kwana a jirgin ƙasa ko a ƙara kuɗin jirgin sama na sa'a ɗaya.

Ta fuskar magana, wanda ya yi karatun Larabci zai fi sakewa a Masar. Larabcinsu na titi ya bambanta da na littafi, amma idan ka yi musu na littafi za su gane, su ba ka amsa, wani lokaci da murmushi. A wuraren baƙi kuma Turanci yana aiki. Ga kuma ɗalibanmu na Azhar, waɗanda da yawansu suke zaune a unguwar Madinatu Nasr ta Alkahira. Da wuya ka rasa wani ɗan unguwarku ko ɗan wani malaminku da zai raka ka kwana ɗaya ko biyu. Idan ya yi, a sallame shi da abin kirki, ɗalibi ne a ƙasar mutane. Larabcin Maroko, Darija, ya yi nisa da na littafi, ana haɗiye wasula, an gauraya shi da Faransanci da harshen Amazig na 'yan asalin yankin, har balaraben Gabas yakan sha wuya da shi. Faransanci shi ne mabuɗin tasha da banki da otal. Wannan ma wani dalili ne da ya sa mutumin Maraɗi ko Damagaram zai fi mutumin Zariya jin daɗin Maroko.

To me za a je gani? Masar ba ta da na biyu wajen tsofaffin abubuwa. Babbar dalar Giza ta kai shekara 4,500, tsawonta na asali mita 146, kuma hoto bai taɓa nuna girmanta yadda yake ba. Kusa da ita akwai sabon Babban Gidan Tarihin Masar da aka buɗe a hukumance a Nuwamba 2025, inda aka tara kayan sarki Tutankamun sama da 5,000. Masu son ganin gawarwakin fir'aunoni su sani cewa tun Afrilu 2021 an kwashe 22 daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa gidan tarihin da ke Fustat, har da ta Ramsis na Biyu. Masu rakiya za su nuna maka ita su ce ita ce ta Fir'aunan Annabi Musa. Masana tarihi ba su daddale a kan wanne ne ba, don haka ka kalla ka yi tunani, amma kada ka dawo gida kana rantsuwa. Ɓangaren Musulunci na garin shi kaɗai ya isa tafiya: masallacin Amru bin Asi, na farko a Masar, masallacin Ibn Tulun na shekarar 879, mai faɗi da shiru, Azhar da aka aza harsashinsa a 970, masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili a gefensa, na Sayyida Zainab, hubbaren Imam Shafi'i. A wannan garin aka binne Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, malamin da ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha.

Maroko ba ta da abin da zai tsaya kusa da dalolin Giza, amma tana da wani abu da ya fi taɓa zuciyar mutumin ƙasar Hausa. Mazhabarsu Malikiyya ce, karatunsu Warshu ne, rubutun tsofaffin Alƙur'anansu ɗan'uwan wanda muke yi a allo ne. Bayan sallar Magariba da ta Asuba za ka ji jama'a sun zauna suna karanta izu ɗaya da murya ɗaya. Dattijon da ya tashi a tsangaya, idan ya zauna a wannan sahu, ba zai ji shi baƙo ne ba. A Fas akwai zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, kuma kusan kowace rana za ka tarar da masu ziyara daga Senegal, Nijar da Nijeriya, musamman yammacin Juma'a lokacin zikiri. Tafiyar 'yan mintoci daga nan sai masallacin Ƙarawiyyin, wanda Faɗima al-Fihriyya ta gina a 859. A Marrakesh akwai kaburburan waliyyai bakwai, cikinsu har da Alƙali Iyal mai Ashafa da Imam Jazuli mai Dala'ilu, littattafan da ake karantawa a zaurukanmu har gobe. A Kasablanka kuma masallacin Hassan na Biyu, wanda aka gama a 1993, yana bakin teku da hasumiya mai mita 210. Ka lura da abu ɗaya: masallatai da yawa a Maroko ana rufe su tsakanin salloli, ba kamar Azhar ko Husaini ba da mutum zai shiga ya zauna da hantsi.

Sai dai in ja kunnen mai niyyar kai mahaifiyarsa ko mahaifinsa Fas. Tsohon garin mota ba ta shiga. Lunguna ne ƙunci-ƙunci, hawa da gangara, jakai da masu tura amalanke ne ke ɗaukar kaya. Mai ciwon gwiwa zai wahala idan aka kama masauki a can tsakiya. A nemi wanda ke kusa da inda tasi ke tsayawa, kamar dandalin Rasif da ke ƙasan gari, a tambayi mai masaukin ko akwai ɗaki a ƙasa, domin tsofaffin gidajen da aka mayar masauki matakalarsu a tsaye take. Wanda ya ga wannan ya yi yawa ya kwana a sabon gari, ya riƙa shigowa da tasi. Mai sha'awar fata ya leƙa majemar Shuwara. An daɗe ana faɗin cewa kaso mai yawa na jar fatar da Turawa suka sani da sunan Maroko, fatar awakin Sakkwato da Kano ce da ayari ke haurawa da ita ta Sahara.

Takurar 'yan kamasho tana ko'ina, salonta ne ya bambanta. A Giza masu raƙuma da dawaki ne: a ce maka hawa kyauta ne, sauka ce ake biya, ko a ɗora maka rawani a ka a ce kyauta sannan a nemi kuɗi. A Fas da Marrakesh samari ne da za su ce hanyar da kake bi a rufe take, su kai ka shagon da ake ba su la'ada. A dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh duk wanda ka ɗauka hoto, mai maciji ko mai biri, sai ka biya. Maganinsu ɗaya: ka ce a'a, na gode, ba tare da ka tsaya ba, kuma in kana son ɗan rakiya ka nemi mai katin shaida ta hannun masaukinka. Ciniki kuwa, wanda ya saba da Kurmi ko Kantin Kwari ba sai an koya masa ba: a taya ƙasa da rabi, a yi kamar za a tafi. Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa ba. Baƙar fata yakan ji kalmar da ba ta da daɗi daga bakin yara ko marasa tarbiyya a ƙasashen biyu, kuma a arewacin Maroko, inda ake sa ido kan masu neman tsallakawa Turai, ɗan sanda yana iya tambayar takardu. Ka riƙa yawo da kwafin fasfo da katin otal. Shiga ta mutunci tana taimakawa. Babbar riga da hula suna sa a kira ka Alhaji a ba ka hanya.

Abinci ba zai ba ka matsala a ko'ina ba, duk halal ne. Masar tana da wake dafaffe da safe, ƙosan da suke yi da wake da ganye, koshari na shinkafa da taliya, miyar lalo da zoɓo mai sanyi. Maroko tana da tajin (nama da kayan lambu a tukunyar ƙasa), kuskus na ranar Juma'a da shayin na'a-na'a mai sukari da yawa, wanda mai ciwon suga zai ce a rage masa tun kafin a haɗa. Dukansu ba sa cin barkono kamar mu, don haka ɗan kwalbar yaji a jaka zai yi amfani. A sha ruwan gora, musamman a Masar. Soket ɗinsu mai rami biyu zagaye ne irin na Nijar, ɗan Nijeriya sai ya sayi mahaɗi. Layin waya ana samu a filin jirgi da fasfo: Vodafone ko Orange a Masar, Maroc Telecom, Orange ko Inwi a Maroko.

Kar a raina yanayi don an fito daga ƙasar zafi. Daga Yuni zuwa Agusta Luksor da Aswan da Marrakesh suna haura digiri 40, kuma yawon hutu a ƙafa ake yinsa, cikin rana. Daga Disamba zuwa Fabrairu Alkahira tana da daɗi da rana, da ɗan sanyi da dare; Fas kuwa sanyi ne mai ruwan sama da ke shiga ƙashi, ya wuce hunturunmu nesa, har ƙanƙara tana sauka a Ifran da ke kusa. Idan hutun Disamba na yara kaɗai kake da shi, wannan ƙuri'a ce ga Masar. Idan kana da Afrilu ko Oktoba, Maroko tana kan ganiyarta. Masu son teku su sani cewa otal-otal na Sharm al-Shaikh da Hurgada a Bahar Maliya, da na Agadir a Maroko, an tsara su ne don Turawa, da giya da kayan wanka irin nasu. Mai iyalin da wannan zai dama ya bincika kafin ya biya, ko ya wadatu da Iskandariyya.

Abu biyu na ƙarshe a shirin jaka. Wasu otal-otal a ƙasashen biyu sukan nemi takardar aure kafin su ba Musulmi da mace ɗaki ɗaya, mu kuwa aurenmu sau da yawa ba takarda, kuma fasfon matar sunan mahaifinta yake ɗauke da shi. A nemi takardar kafin tafiya. Magunguna kuma a bar su cikin kwalinsu tare da takardar likita. Tramadol da makamantansa suna kai mutum kurkuku a Masar, kuma kada ka karɓi saƙon magani na wani ka saka a jakarka komai kusancinku.

In tafiyar ta faɗo cikin azumi, Alkahira ba ta barci, fitilu ko'ina, ga teburan buɗa-baki na sadaka a kan titi, amma wuraren tarihi suna rufewa da wuri. A Maroko yawancin gidajen abinci a rufe suke da rana, kuma doka ta hana Musulmi cin abinci a bainar jama'a, don haka matafiyin da ya ajiye azumi ya ci a ɗakinsa. Hutun mako ma ya bambanta: Juma'a da Asabar a Masar, Asabar da Lahadi a Maroko, kodayake shagunan tsohon garin Fas da yawa ba sa buɗewa ranar Juma'a. Mai mako ɗaya a Masar ya ba Alkahira kwana biyar, Iskandariyya biyu, ya bar Luksor sai in yana da kwana goma. Mai mako ɗaya a Maroko ya kwana ɗaya a Kasablanka, uku a Fas, uku a Marrakesh, ya sayi tikitin jirgin ƙasa na tsakanin Fas da Marrakesh da wuri, domin tafiyar ta haura sa'a shida kuma kujerun aji na ɗaya sukan ƙare a ƙarshen mako.